Gwanjon kayan yaƙi na tarihi a Turai: Faransa na tsare nata, wa ke tsare na Nijar?

Ranar 19 ga Nuwamban 2023, a garin Fontainebleau da ke kudu da Paris, gidan gwanjo na Osenat ya sayar da wata tsohuwar baƙar hula a kan yuro miliyan 1 da dubu 932, wato sama da miliyar 1 da miliyan 260 na kuɗin sefa. Babu zinariya ko lu'ulu'u a jikinta. Abin da ya ba ta wannan daraja shi ne Napoleon ya taɓa sa ta, kuma akwai takardun da suka nuna hannayen da ta bi daga zamaninsa zuwa yau. Shekaru tara kafin nan, a 2014, wani attajirin Koriya ta Kudu ya sayi wata hular sarkin a wannan gida kan kusan yuro miliyan 1 da dubu 900.

Irin wannan labari kan wuce a matsayin abin mamaki na masu kuɗi. To amma a cikin kasuwar da ake cinikin hular Napoleon ake cinikin takubba da garkuwoyi da tutoci da lambobin yabo da suka fito daga yaƙe-yaƙen mulkin mallaka a Afirka. Muhawarar maido da kayan tarihi da ake yi tun 2017 ta fi karkata ga manyan gidajen tarihi na gwamnatoci, alhali kayan da ke gidajen mutane suna ci gaba da sauya hannu ba tare da wata doka ta tsayar da su ba. Wannan ɓangare ne ya kamata Nijar ta sa wa ido, kuma mafi yawan aikin da yake bukata a cikin gida za a yi shi.

Yadda cinikin yake gudana

Masu tara kayan yaƙi na tarihi suna da yawa a Faransa da Ingila da Jamus da Amurka. Wani takubba yake tarawa, wani kakin soja da kwalkwali, wani lambobin yabo, wani kuma wasiƙun da sojoji suka rubuto daga fagen daga. Akwai gidajen gwanjo da suka ƙware a wannan fanni, kamar Osenat a Faransa da Hermann Historica a Jamus, ga kuma zauren Drouot na Paris inda ake buga guduma kusan kowace rana.

Hanyar da kaya ke isowa kasuwa ba ta cika canzawa ba. Tsoho ya rasu, magada suka buɗe akwatin da ya gada daga kakansa, wanda ya yi aikin soja ko na mulki a wata ƙasa mai nisa. Suka kira mai gwanjo, shi kuma ya kira masani ya duba kayan, ya yi musu ƙiyasin farashi, aka ɗauki hoto aka sa cikin kundi, aka wallafa a intanet makonni kaɗan kafin ranar ciniki. A ranar, masu saye suna tayawa daga cikin zaure ko ta waya ko ta kwamfuta. Wanda ya yi tayi mafi tsoka shi ake sallama wa, sannan ya biya la'adar gidan, wadda galibi takan kai kashi 25 zuwa 30 cikin 100 a kan farashin.

Abin da ke ɗaga farashi shi ne labarin abin. Takobi marar tarihi ƙarfe ne kawai mai ɗan ado. Idan kuwa akwai wasiƙa ko rubutu a jikin kube da ke cewa kaftin wane ya ɗauko shi a yaƙin wuri kaza a shekara kaza, sai kuɗinsa ya ninka. Ke nan takardar da ke ƙara wa mai sayarwa riba ita ce kuma shaidar da ke nuna daga hannun wa aka karɓe shi, da kuma ta wace hanya. Gidajen gwanjo da kansu suke wallafa wannan shaida ga duk mai son karantawa.

Faransa ba ta sakaci da nata

A watan Yulin 2024, a Fontainebleau ɗin dai, an sayar da wasu ƙananan bindigogi biyu na Napoleon kan yuro miliyan 1 da dubu 690. Su ne waɗanda aka ce ya yi niyyar kashe kansa da su a 1814, kafin ya ba da su kyauta ga na hannun damansa, Janar Caulaincourt. Ana dab da gwanjon, ma'aikatar al'adu ta Faransa ta ayyana su a matsayin dukiyar ƙasa, ta hana a ba su takardar fita. Wannan mataki yana ba gwamnati watanni 30 ta gabatar da tayinta ga mai su, kuma ko ba ta saya ba, duk mai saye daga waje ya san ba zai kai su gida cikin sauƙi ba.

Akwai wani makami na biyu da ke hannun gwamnatin Faransa tun 1921. Idan guduma ta faɗi, wakilin gidan tarihi na ƙasa yana da ikon miƙewa a zaure ya ce gwamnati ta karɓi abin a kan farashin ƙarshe, sai ta maye gurbin wanda ya yi nasara. Ana amfani da wannan dama akai-akai wajen kayan sarakuna da na manyan sojoji.

Babu laifi ƙasa ta kare tarihinta haka. Abin lura shi ne, wannan kariya tana aiki ne saboda akwai ma'aikata da ke karanta kundayen gwanjo, akwai masana da suka san abin da suke nema, akwai kuma kuɗin da aka tanada. Takobin wani sarkin Afirka da ya fito a zauren ba ya da kowa a cikin waɗannan, sai dai in ƙasarsa ta turo.

Ganima da gwanjo tare suka taso

Dangantakar ganimar yaƙi da gwanjo tsohuwa ce. A 1868, bayan sojojin Birtaniya sun ci Magdala, sansanin sarkin Habasha Tewodros, sun ɗora kayan da suka kwasa a kan giwaye 15 da alfadarai kusan 200, suka yi gwanjonsu na kwana biyu a wani fili da ke kusa, aka raba kuɗin ga sojoji. Daga cikin masu saye har da wakilin gidan tarihi na British Museum. A 1897, kayan tagulla da na hauren giwa da aka kwashe daga fadar Benin an sayar da da yawa daga cikinsu a Landan, daga nan suka bazu zuwa Jamus da sauran ƙasashe.

A watan Yulin 1899 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar birnin Hague da ta haramta wasoso a lokacin yaƙi. Sai dai sun ɗauke ta a matsayin doka a tsakaninsu kawai. A wannan shekara ce rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan tana ƙone garuruwa: Lugu ta Sarauniya Mangu a watan Afrilu, Birnin Ƙonni a watan Mayu. A ƙarshen Yuli, bayan mutuwar hafsoshin biyu, ragowar rundunar ta shiga Damagaram bayan yaƙin Tirmini, kuma ba a jima ba aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. A Afrilun 1900 aka yi yaƙin Kusseri inda Rabe ya mutu, sannan a 1916 da 1917 aka yi tawayen Kawusan a Agadas da ramuwar da ta biyo baya.

Al'adar sojojin wancan zamani ita ce su kwashe tuta da tambari da makaman wanda aka ci da yaƙi. Wani ɓangare yakan tafi gidan tarihin soja, wani kuma hafsa ya sa a jakarsa ya kai gida a matsayin tsaraba. Kashi na biyun nan ne, bayan shekaru fiye da 100, yake fitowa daga akwatunan jikoki.

Doka tana tsayawa a ƙofar gidan mutum

Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaba Emmanuel Macron a Nuwamban 2018 ya ƙiyasta cewa akwai kayan Afirka ta kudu da Sahara kimanin dubu 90 a gidajen tarihin gwamnatin Faransa, kusan dubu 70 daga ciki a gidan Quai Branly kaɗai. Wannan lissafi bai haɗa da abin da ke hannun mutane ba.

Ko na gwamnatin ma, maido su yana tafiyar hawainiya. Takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal, wanda sojojin Kanar Archinard suka karɓa a 1893 lokacin yaƙinsu da ɗansa Ahmadu, an miƙa shi ga Senegal a Dakar a Nuwamban 2019, amma sai da majalisar Faransa ta yi doka ta musamman a Disamban 2020 kafin ya zama mallakar Senegal. Wannan doka ce ta ba da damar maida wa Benin kayan fadar Abomey guda 26 a 2021. A Yulin 2025 gwamnatin Faransa ta gabatar da daftarin wata doka ta gaba ɗaya kan kayan da aka karɓa ba bisa ƙa'ida ba tsakanin 1815 da 1972. Daftarin, yadda aka gabatar da shi, ya shafi kayan gwamnati ne kaɗai, kuma ya ware abubuwan da sojoji suka ƙwace waɗanda aka yi aikin yaƙi da su. A taƙaice, takobi da bindiga da garkuwa su ne suka fi wuyar dawowa.

Ga kayan da ke hannun mutane kuwa, hanyar kotu kusan a rufe take. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan fataucin kayan tarihi, wadda Nijar ta amince da ita a 1972, Faransa kuma a 1997, ba ta komawa baya ta hukunta abin da ya faru a 1899. Dokar Faransa tana ɗaukar wanda ke riƙe da abu cikin kyakkyawar niyya a matsayin mai shi, kuma shekaru uku kawai ta bai wa wanda aka yi wa sata ya nemi kayansa.

Gabon ta ɗanɗana wannan. A 2021 wasu tsofaffi, mata da miji, suka sayar wa wani dillalin tsofaffin kaya da wata fuskar katako ta ƙabilar Fang kan yuro 150. Kakan mijin, wanda ya yi gwamna a zamanin mulkin mallaka, shi ya kawo ta Faransa. A Maris na 2022 aka yi gwanjonta a Montpellier kan yuro miliyan 4 da dubu 200. Tsofaffin suka kai ƙara suna cewa an cuce su, gwamnatin Gabon ta shiga shari'ar tana neman a maido mata da abin. A Disamban 2023 kotun garin Alès ta yi watsi da bukatun ɓangarorin biyu.

Waɗanda suka yi nasara, ta yaya suka yi?

Duk da haka akwai lokutan da aka tsayar da guduma, kuma kowanne yana da darasinsa.

A Oktoban 2023 aka shirya gwanjon lambobin yabo da kayan ado da wasu abubuwan tsohon shugaban Senegal Léopold Sédar Senghor a birnin Caen. Waɗannan ba ganima ba ne, kayan gado ne. Gwamnatin Senegal ta nemi a dakatar da cinikin, ta zauna da masu kayan, ta saye su kan kimanin yuro dubu 240, kusan miliyan 160 na sefa. Ta biya, amma ta hana su watsewa.

A Fabrairun 2024 wani gidan gwanjo a Newcastle ta Ingila ya sa wata garkuwa a kundinsa, a jikinta an rubuta Magdala da kwanan watan yaƙin 1868. Hukumar kula da kayan tarihi ta Habasha ta rubuta wasiƙa, jaridu suka ɗauka, gidan ya janye garkuwar, daga baya kuma aka sasanta ta koma Habasha. Rubutun da ya kamata ya ƙara mata kuɗi shi ya zama hujjar masu nemanta.

A Nuwamban 2019 kuma, lokacin da Hermann Historica ya yi gwanjon kayan shugabannin Nazi a Munich duk da ƙorafin ƙungiyoyin Yahudawa, wani ɗan kasuwa ɗan asalin Labanan, Abdallah Chatila, ya kashe kusan yuro dubu 600 ya sayi wasu daga ciki, har da hular Hitler, ya ba da su kyauta don kada su faɗa hannun masu ɗaukaka aƙidar. Turai ta san cewa ba kowane kayan yaƙi ne haja kamar sauran haja ba, idan dai akwai waɗanda suka tashi suka yi magana.

Babu ɗaya daga cikin ukun da kotu ta warware. Abin da ya haɗa su shi ne an ga kundin kafin ranar ciniki, an san mene ne abin, kuma an sami wanda ya ɗauki mataki cikin kwanaki.

Ina Nijar ta tsaya?

Nijar ta ga yadda akasin haka yake. Ranar 16 ga Yulin 2025, gidan Sotheby's na New York ya sayar da wani dutsen duniyar Mars mai nauyin kilo sama da 24, wanda aka tsinta a jihar Agadas a Nuwamban 2023, kan dala miliyan 5 da dubu 300, kusan miliyar 3 na sefa. Gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu, yayin da gidan gwanjon ya ce an bi ƙa'ida. Dutsen ba kayan yaƙi ba ne, amma hanyar ɗaya ce: abin ya bar ƙasa, ya shiga kundi, aka sallama, sannan hayaniya ta tashi.

Ba doka aka rasa ba. Akwai dokar 30 ga Yunin 1997 kan kare kayan tarihin ƙasa. Akwai gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai tun 1959, akwai masu bincike na cibiyar IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni. Ƙasar ta kuma san zafin asara: gumakan yumɓu na Bura, da Boubé Gado ya tono a 1983, sun sha wasoso har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000.

A ɓangaren diflomasiyya lamarin yana da sarƙaƙiya. Sojojin Faransa sun fice a Disamban 2023, ofishin jakadancinta a Yamai ya rufe a farkon 2024. A 2025, bayan wasu al'ummomin da rundunar Voulet da Chanoine ta yi wa ɓarna sun kai kukansu ga wani jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya, Faransa ta amsa cewa a shirye take ta tattauna da hukumomin Nijar kan binciken asalin kayan tarihi. Ko an yarda da wannan magana ko ba a yarda ba, duk ranar da aka zauna, tambayar farko za ta kasance: wane abu kuke nema, daga wane gari, wa ya ɗauka? Wanda ya je da jerin sunaye da hotuna da shaidar dattawa shi ne zai dawo da wani abu.

Dole kuma a faɗi gaskiya: ba duk takobin Azbin ko na ƙasar Hausa da ke Turai ne aka ƙwace ba. Maƙeran Agadas sun daɗe suna sayar wa baƙi, sarakuna sun ba da kyauta, wasu ruwan takubban ma a Solingen ta Jamus aka ƙera su, fatake suka ratso Sahara da su. Masu tara kayan sukan ce ba don su ba da tsatsa da gara sun cinye abubuwa da yawa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙasar da ke fama da matsalar tsaro da tsadar abinci ba za ta iya bin kowane takobi da kuɗi ba. Saboda haka ne ma ake bukatar sanin wanne ne ya cancanci a yi faɗa a kansa.

Abin da ba ya bukatar miliyoyi

Aiki na farko shi ne rajista a cikin gida. Fadojin Damagaram da Agadas da Katsinar Maraɗi da Gobir ta Tsibiri da Dosso suna riƙe da tambura da takubba da kayan doki da ake fitowa da su ranar Sallah. Damagaram ta zamanin Sarki Tanimu har igwa ake ƙerawa a cikinta. A gidaje da yawa akwai lambobin yabo da takardun kakannin da suka yi yaƙin duniya a rundunar Faransa. Kowane abu yana bukatar hoto, awo, sunan mai shi da tarihinsa daga bakin wanda ya sani, tun dattawan suna raye. Wayar hannu da littafi sun isa a fara, kuma ɗaliban tarihi na jami'o'in Yamai da Damagaram za su iya ɗaukar aikin. Abin da aka yi wa rajista, idan ya ɓata ya ɓulla a wani kundi, ana iya cewa ga shaidarmu, kuma yarjejeniyar 1970 tana aiki a kansa.

Na biyu shi ne sa ido. Kundayen gwanjo a buɗe suke a intanet, kyauta. Mutum biyu a ma'aikatar al'adu, da taimakon ƴan Nijar mazauna Turai, za su iya bin sunaye kamar Zinder da Agadez da Kaocen da Voulet a kowane mako, su sanar da hukuma idan wani abu ya fito.

Na uku shi ne a san wanda zai ɗauki waya. Tsakanin fitar kundi da ranar gwanjo makonni ne kawai. Idan wasiƙa za ta bi ofis biyar kafin a sa mata hannu, guduma za ta riga ta. Ƙaramin asusu na gaggawa, wanda ƴan kasuwa za su iya sa hannu a ciki, zai ba da damar yin abin da Senegal ta yi idan abin ya kai.

Na huɗu ya shafi iyalai da jami'an duwan. Wanda ya gaji takobi ko sulke ko lambar kakansa, talauci na iya sa ya sallama wa dillali kan kuɗi kaɗan, kamar yadda tsofaffin nan na Faransa suka sallama abin miliyoyi kan yuro 150. Ya kamata ya san akwai inda zai kai a duba masa, a rubuta, ko a saya a ajiye a cikin ƙasa. Jami'in da ke kan iyaka kuma ya san bambancin takobin tsaraba da na tarihi.

A Oktoban 2024 hukumomi sun sauya sunayen wasu titunan Yamai, aka cire sunan de Gaulle aka sa na Djibo Bakary. Wannan aikin yini ɗaya ne. Rubuta abin da ke cikin fadoji da akwatunan gidaje zai ɗauki shekaru, ba kuma za a yi masa biki ba. Sai dai shi ne zai sa a ranar da tuta ko takobin wani sarkin ƙasar nan ya bayyana a kundin wani zaure na Paris, a sami wanda zai gane shi kafin a sallama.